Ranar da Na Raka Farfesa Laccar Hakimi Mai Sarki Biyu

Morrisania zuwa Jamaica

Ƙarfe biyar da minti ashirin na fito daga gida, bayan na sallame asuba. Na tsaya wajen wata Hajiya 'yar Kumasi na sayi koko da ƙosai na dala huɗu, na faɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sau ɗaya na sauya jirgi, bakwai saura kwata ina unguwar Jamaica, inda nake aiki.

Aikina kula da wani tsoho ne, malamin tarihi da ya yi ritaya. Farfesa nake ce masa. Shekarunsa tamanin da huɗu, mantuwa kuma ta fara cin ƙarfinsa. Ranar an gayyace shi lacca a wani ɗakin karatu a tsibirin Staten Island, tsallaken ruwa. Ɗansa ya riga ya gaya mini a ɓoye cewa idan tsohon ya rikice a gaban jama'a, gidan kula da tsofaffi za a kai shi, takardun ma an cike. Farfesa kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan gidan.

Jamaica zuwa bakin ruwa

Takwas da rabi motar masu keken guragu ta iso. Direban ɗan Maraɗi ne, daga sallama muka gane juna.

"Malam, ina za ka da tsohon Bature da sanyin nan?"

"Lacca zai yi a kan wani hakimi."

"Hakimi? Su ma suna da hakimai?"

Kafin mu tsallake gada na ba shi labarin, don shekara biyu ke nan kullum ina sha. Hakimin wasu tsibirai ne a arewacin Scotland, shekaru wajen ɗari takwas da suka wuce. Uwarsa jinin mutanen Norway, ubansa na Scotland. Yana ɗan shekara biyar aka naɗa shi. Tsibiransa na ƙarƙashin sarkin Norway, ƙasarsa ta tudu kuma na ƙarƙashin sarkin Scotland, in ya yi wa wannan mubaya'a wancan ya tayar da yaƙi.

Direba ya ce, "Wallahi wannan ya ga ta kansa. Ni shugaba ɗaya gare ni a ofis, ban huta ba."

Kan ruwa

Goma daidai muka shiga tashar jirgin ruwa. Karen 'yan sanda ya shinshina jakata, ya daɗe a kan ragowar ƙosai, aka ce mu wuce. Jirgin fiton kyauta ne, tafiyar minti ashirin da biyar. Farfesa ya sa na tura shi jikin taga, yana ta murna kamar shi ne hakimin da rundunarsa. Ni kuwa ɗan Zariya ne, ruwa ba gonata ba ce, na riƙe kekensa gam ina salati.

Ɗakin karatu

Mutum wajen talatin suka zo, ɗan Farfesa yana layin gaba, ni ina can baya. Farfesa ya fara tiryan-tiryan. Ya kai inda hakimin ya ba sarkin Scotland ɗansa na cikinsa a matsayin jingina, sai ya tsaya cak. Ya dubi takarda, ya dubi mutane. Su kuma sun yi tsit, wai ladabi ke nan a wajensu. Na ga ɗan Farfesa ya sunkuyar da kai.

A gida in yana ba ni labarin nan ba na barin sa shi kaɗai. Mu ai ba a yi mana zance mu yi gum, sai da amshi. Ban san lokacin da bakina ya kufce ba:

"Ikon Allah! Ɗansa na cikinsa? Sai aka yi yaya?"

Kowa ya juyo. Farfesa ya ɗago, ya hango ni, ya nuna ni da yatsa.

"Sai hakimin ya saɓa alkawari," in ji shi, "sarki ya sa aka cire wa yaron idanu, ya mutu a kurkuku."

"Subhanallahi!"

Daga nan bai ƙara tuntuɓe ba. Ina "to", ina "haka ne", har wata tsohuwa kusa da ni ta fara taya ni. Minti arba'in ya yi, aka tafa masa sosai.

Komawa

Jirgin ƙarfe biyu muka biyo, ɗan ya bar motarsa ya shigo tare da mu. Muna tsakiyar ruwa Farfesa ya taɓa hannuna.

"Isa, ƙarfe nawa ne laccar tawa? Kada mu makara."

A kunnen ɗan aka yi. Na ce a raina shi ke nan, an yi ba a yi ba. Sai ɗan ya ja kujera kusa da uban.

"Da sauran lokaci, Baba. Gwada a kaina tukuna, in mun je gida ka ƙarasa." Ya juyo gare ni, idonsa ya yi ja. "Me kake cewa ne in ya tsaya? Koya mini. Kuma ranar Litinin ka zo gida kamar kullum."

Na koya masa "sai aka yi yaya". Ya faɗe ta a karkace, amma tsohon ya ɗauko labari tun daga naɗin sarauta.

Ana kiran magariba na shiga unguwarmu Morrisania, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma bar tsohon nan ya kwana a ɗakinsa.