Minti Ɗaya a Bakin Tekun Shu'aiba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, mai gyaran lantarki a unguwar Rusaifa da ke Makka. Har yau in na ji janareta na gurnani can nesa, sai in ga kamar ƙafafunsa ne suka leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motar nan mai gado da kicin a ciki, wadda 'yan Makka ke kira karafan.

Don Inna ya saye ta. Shekara uku mahaifiyar tamu ba ta fita daga unguwar Utaibiyya ba, saboda injin da ke ba ta iskar numfashi sai da wuta. Burinta ɗaya, ta je bakin tekun da aka ƙetaro da ita tana goye.

Sani ya kwashe tarkacen akwatin kaya na gefen motar, ya zaunar da janareta a kan roba, ya ɗaure da noti, ya ja salansa baya don kada hayaƙi ya shigo. Ƙara ce ta dame shi. Sai ya samo tsofaffin haramin da alhazai suka bari a unguwar Jarwal, ya toshe kowace kafa. Minti goma janaretan ya ɗau zafi ya mutu, harami na ƙauri. Na yi dariya har da hawaye, na ce saura ya kai janaretan Umra. Bai kula ni ba, ya yanka tagogin iska, ya sake sabon lale.

Yanzu irin wannan injin numfashi ya koma ɗan abu mai batir da ake ratayawa a kafaɗa. Da yana nan, na san sai ya kwance shi ya ga cikinsa, ya ce ba zai yi ƙarko ba.

Ranar tafiyar, mun isa bakin tekun Shu'aiba da hantsi. Idon Inna ya riga ya dushe. Ta daɗe zaune a ƙofar motar, sannan ta ce, "Ya waladi, ɗana, kashe abin nan in ji ruwan."

"Inna, numfashinki fa?"

"Minti ɗaya, khalas, shi ke nan."

Ya kashe. Ruwa na zuwa yana komawa, Inna na murmushi. Shi kuwa yatsansa na kan makunni, idonsa na kan leɓunanta, har ta ɗaga masa hannu ya kunna.

An sayar da motar tuni, Inna ma ta cika. Ina kewar Sani ƙwarai, kuma abin da ya fi zama mini a rai tambayar da ya yi mini ce da muka kamo hanyar Makka: "Wai Halima, yaya tekun yake?"