Makunnin Babakura

Shekara ashirin da biyu Babakura yana tayar da injin burtsatsen unguwarsu a Nguru, kuma wallahi ya ci zamaninsa. Gajere ne, ga tumbi, ga makullai a rataye a wuya. In ka gaishe shi a tsaye, ranar injin ba shi da lafiya. In matarka ta aika masa da soyayyen kifi, sai injin ya warke. Mata har ƙasa suke durƙusa masa da jarkokinsu, shi kuwa gogan yana amsawa da hanci.

Sai gwamnatin jiha ta kawo sola. Aka kafa alluna shida a kan ƙarafa, aka tura tsohon injin lungu. Ma'aikacin da ya haɗa ya ja Babakura gefe ya ce, “Baba, ka huta. Da rana ta fito ruwa zai zo da kansa.”

Da kansa! Maganar nan ta soki Babakura. Ba aikin yake ji ba, gaisuwar yake ji. Wa zai durƙusa wa mutumin da rana ta karɓe wa aiki?

Kwana uku yana lura, ya gane ruwa na zuwa ne daidai lokacin da rana ta haura dogonyaron masallaci. Ya samo wani mataccen makunni a wajen 'yan gwangwan, ya ɗaure a jikin ƙarfe, ko waya babu. Kullum da hantsi sai ya iso yana taƙama, ya saci kallon bishiyar, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna. Ruwa ya ɓalle.

“Ita rana ba ta san kowa ba,” in ji shi, “sai an yi mata iso.”

Gaisuwa ta ci gaba, kifi ma haka. Da mutumin ya tsaya nan, da ya mutu da girmansa. Amma ina! Ƙaryar ta yi masa daɗi har shi ma ya fara yarda da ita.

Da aka kira shi ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Gashua, ya so unguwa ta ɗanɗana rashinsa. Bai yi sallama da kowa ba, ya kwance makunnin ya jefa a aljihu, ya hau mota. Kwana huɗu yana cin shinkafar biki yana murmushi shi kaɗai, yana hango mata da busassun jarkoki suna ambaton sunansa.

Ya sauka Nguru da azahar, ya shirya fuskar yafiya. Tun daga bakin layi ya jiyo ƙarar ruwa a bokiti. Tanki har ambaliya yake, awaki na sha a ƙasa.

Gogo Rahima, maƙwabciyarsa mai ƙosai, ta ɗago daga famfo ta ga jaka a hannunsa.

“A'a, Babakura,” ta ce. “Tafiya za ka yi?”