Shekara Goma Sha Uku da Muhaimin Ya Rage

Muhaimin mijin ƙanwata ne, kuma har yau ban gano abin da ta gani a jikinsa ba. Ni mahauci ne a kasuwar Garwa, bokona bai yi nisa ba, amma idan na ga mai cika baki ina gane shi. Shekara goma sha takwas ya yi yana aiki da wata ƙungiya mai kula da jin daɗin jama'a. Yakan zaga ƙauyukan Bibemi a kan babur, ya tara iyaye a gindin bishiya, ya yi ta musu faɗa don ba su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa ba, wadda muke ce wa akt. Wai yaron da ba shi da akt kamar ba a haife shi ba ne. Har a gidan suna sai ya yi mana wannan wa'azi.

Yana da shekara arba'in da huɗu aka shaida masa ba zai taɓa shugabantar ofishinsu ba sai ya yi digiri na biyu a fannin aikin nasa. Samarin da ya koya wa aiki duk sun wuce shi. Abin ya ci masa rai, kuma a nan kam ban ga laifinsa ba.

Makarantu biyu ne a gabansa. Ɗaya tana nan Garwa, karatun Asabar da Lahadi don ma'aikata, ba ta neman komai sai shaidar shekara goma a bakin aiki. Madam Léontine, tsohuwar shugabarsa, tana koyarwa a can. Da ƙafarta ta zo har gida ta ce, "Muhaimin, kawo dosiyenka, wato takardunka, don irinku aka buɗe wurin nan." Tana fita ya taɓe baki, wai makarantar tsofaffi ce, masu shiga aji da maganin hawan jini a aljihu. Shi ta Yawunde yake so, mai suna, wadda ake buga hoton ɗalibanta sanye da kwat. Ita kuwa ba ta ɗaukar wanda ya haura talatin da biyu.

Sai gogan ya hau mota zuwa Ngong, wurin wani mai yawo da hatimai a jaka. Aka sake masa akt, aka gyara takardun makaranta, ya dawo mana ɗan shekara talatin da ɗaya. Ya sayi baƙin rini ya shafe furfurar gemu.

Na ce, "Malam, kai da kake hana mutane sakat a kan akt?"

Ya ce, "Yaya Wada, kai nama ka sani. Bar mana harkar takarda."

Masu tantancewa na makarantar Yawunde suka zo Garwa ganawa da 'yan arewa. Da safen ranar, Nazira, babbar 'yarsa mai shekara ashirin, ta goge masa riga, ta raka shi bakin ƙofa tana masa addu'a. Yarinyar nan ba ta da gwani sai ubanta, har aikinsa take cewa za ta karanta. Bayan fitarsa ta ga takardar shaidar aikinsa a kan tebur, ta zaci mantuwa ya yi, alhali da gangan ya bar ta. Ta rugo kasuwa ta ce in kai ta. Na ajiye wuƙa na goya Nazira a babur.

Mun tarar ƙofar ɗakin ganawar a buɗe saboda zafi, Muhaimin na zaune gaban mutum uku yana zuba Faransanci, rini yana bin gumi zuwa wuyan riga. Nazira ta yi sallama ta ce, "Baba, ka manta wannan."

Babbansu ya dube ta, ya dubi takardun gabansa. Ya ce, "'Yarka ce wannan?"

Wallahi ko numfashi Muhaimin bai ja ba. Ya ce, "A'a Misye, ƙanwata ce. Haka yaran gidanmu suke kirana."

Ina tsaye na ji kunya ta rufe ni kamar ni na faɗa. Nazira ta ajiye takardar a kan tebur da hannu biyu, ta fito. Mutumin ya karanta, ya tambayi Muhaimin ko da gaske tun yana ɗan shekara goma sha uku ya fara aiki. Suka ce ya tattara kayansa, ya kuma gode wa Allah da ba su kira jandarma ba.

Bayan kwana uku, ba kunya, ya wanke rini ya ɗauki tsohon akt ɗinsa ya tafi wurin Madam Léontine. Labari ya riga shi zuwa. Ta ce an rufe ɗaukar ɗalibai, kuma ko ba a rufe ba, ba ta san wane Muhaimin za ta rubuta ba.

Yana nan a kujerarsa ta da, wani yaron da ya koya wa hawa babur ne shugabansa. Har yanzu yana zuwa Bibemi wa'azin akt, ban san da wane baki ba. Nazira kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Uwarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Wata takwas ke nan, kullum da safe sai ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa da ladabi ta ce, "Ina kwana, Yaya."