Gudun Ranar Alhamis

Shekara goma sha tara ina ba da waƙa a zumuntar matan majami'armu ta Sabon Gari. Ni nake ɗagawa, su amsa. Ni ce kuma a gaba ran Alhamis, ranar ziyara, lokacin da muke ɗaura zane iri ɗaya mu bi gidajen marasa lafiya da masu jego da waɗanda aka yi wa rasuwa. Na iya abin, ba yabon kai ba. Na san waƙa nawa majinyaci zai ɗauka kafin ya gaji, na san irin fuskar da ake shiga ɗaki da ita. Na kuma san abin da muke faɗa a hanya idan mun fito: wayyo, kun ga yadda ta koma? Ni kaina na sha faɗa.

Sai tansiyo, hawan jinin nan, ya kayar da ni wata safiya ina cikin tankaɗe. Na fito daga gidan likita da ƙafafuna, na gode wa Ubangiji, amma hannun hagu ya yi nauyi kamar ba nawa ba, baki ya karkace ya nufi kunne. In na ce ruwa, wani abu dabam ke fitowa. Miyau kuma ya daina neman izinina. Tun ina kwance na sa ɗiyata ta gaya wa mata wai an hana ganina. Ƙarya ce, ba wanda ya hana.

Alhamis ta farko da dawowata gida, tun da hantsi na kasa zama. Na zauna kan tabarma, na koma kujera, na leƙa zaure, na dawo. Kafin azahar na ce wa ɗiyata ta rufe gida ta tsayar mana da adaidaita, za ni Tsibiri gaida inna. Innar da na yi wata biyar ban tuna da ita ba. Can ma ban zauna ba. Na zaga rumbu, na zaga turken awaki, ina ta lissafi a raina: yanzu sun taru, yanzu sun shigo lungunmu. Ban koma ba sai da na tabbata sun watse.

Maƙwabciyata Hajiya, mai sayar da atamfa, ita ta miƙo mini kwanon fura ta kan katanga. Musulma ce, amma ta san kowace mace a zumuntarmu.

"Ƴan uwanki sun zo," in ji ta. "Sun iske kwaɗo, sunka zauna ƙohwar gida sunka yi mishi waƙa. Ni dai ban taɓa ganin an yi ma kwaɗo waƙa ba."

Haushi ya kama ni, don ni na kafa wannan doka da bakina: in ba a sami mutum ba, a yi waƙar da addu'ar a ƙofa, ba a komawa da su gida. Hajiya ta ƙara da cewa wata ƴar siririya ce ke ɗaga musu waƙa. Na gane ta, malamar lakwal ce, makarantar boko, da ta shigo zumunta bara. Muryarta na da daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Haka na mai da Alhamis ranar yawo. Wani sati Tsibiri, wani sati in ƙirƙiro awon tansiyo, wani sati Jiratawa, garkar ƙanena, inda yake noman rani. Lahadi kuwa in ja zane in rufe kai. Addu'ata ta koma faɗa. Ina ce wa Ubangiji, da hannun kaɗai ka taɓa da na haƙura, me ya kai ka bakin da nake yi maka waƙa da shi? Kewarsu nake kamar in yi kuka, kuma ba abin da nake tsoro kamar su gan ni.

A Jiratawa aka kama ni. Ina zaune bakin kanal ɗin ban ruwa ƙarƙashin zogale, ina fama da ɗankwalin da ya kwance, sai ga kabu-kabu ya sauke tsohuwar da ke buga mana tulu. Da ita muka fi faɗa a zumunta, kullum ina cewa tana jan kiɗa, tana cewa ina gudu kamar an biyo ni. Ba ta ɗaura zanen zumunta ba, ba ta riƙo kwano ba. Ta zauna da nishi, ta dube ni sosai, ba ta kau da ido ba.

"To, ga ni, na gan ki. Mi ya rage?"

Na rufe baki da gefen mayafi. Ta fizge shi.

"Yi magana, ni ba baƙuwa ba ce."

Sai da na maimaita sau biyu ta ji. Na ce, "Za ku hita ku ce, kun ga yadda ta koma."

"Za mu ce mana," in ji ta. "Ƙarya za mu yi? Kin canza. In munka ce, sai mu dawo wata Alhamis. Ke da kike hwaɗa ma wasu, kin daina zuwa gidajensu?"

Ta jawo kaina ta ɗaure mini ɗankwalin, ta matse shi har ya yi zafi, da gangan na sani. Ta ce gwiwoyinta sun gaji da zaman ƙasa a ƙofar gidana, in ina da sauran kunya in shimfiɗa musu tabarma.

Alhamis ta gaba na zauna a gida. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Sau uku ina ɗaukar takalmi, ɗiyata na karɓewa. Da suka yi sallama na sa ɗiyata ta buɗe musu. Suka cika tsakar gida, su goma sha wani abu, wasu suka dube ni suka sunkuyar da kai, wata ta fara hawaye. Malamar ta ɗaga waƙa, suka amsa, ni ina riƙe da tsumma a haɓa.

Bayan waƙa matar pasto ta yi tambayar da ake yi wa kowane majinyaci: me za mu roƙa miki? Amsar sananniya ce. Ana cewa sauƙi, a ce amin, a rufe ido. Na buɗe baki zan ce sauƙi, sai na ji na gaji da ƙarya.

Na ce, "Ku roƙa mini in daina jin haushin yarinyar ga."

Ba su gane ba. Na sake, miyau na zuba, ina nuna malamar da hannun dama. A karo na uku mai tulu ta faɗa musu da ƙarfi, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba.

Malamar ta ajiye littafin waƙarta, ta taso ta durƙusa gabana.

"Mama, ni ma a roƙa mini," in ji ta. "Duk ranar da munka zo, addu'a nike Allah ya sa mu iske kwaɗo. Tsoro nike ki ji ni."

Mai tulu ta fashe da dariya har da tari, wasu suka bi ta, ni kuwa kuka ya ƙwace mini, irin mummunan kukan nan na karkataccen baki, a gaban kowa. Matar pasto ta ce a riƙe hannu. Malamar ta matso ta hagu da ni, sai ta ɗauki hannun da ba ya motsi ta ɗora a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Da ƙyar nake jin ɗuminta, amma ina ji. Na bar mata shi har aka ce amin.