Ranar da Bangon Gidan Razdan Ya Yi Mini Magana

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na kai baƙi ganin tsohon gidan Razdan da ke GRA ta Katsina, inda Baturen mulki ya zauna a zamanin da. Lokacin ina neman matar da nake aure yanzu. Yayanta ke riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu, kuma bai gama aminta da ni ba. Sai na shirya fitar da su biyun yawo, don ya ga irin ilimina da natsuwata.

Ina shirin fita daga gidanmu na Ƙofar Guga, kakata ta yafa mayafi ta ce ƙafata ƙafarta. Na yi na yi ta zauna, ta ce, "Kai ɗan nan, ni kau sai na tahi." Dole na buɗe mata mota.

Gidan kuwa abin kallo ne. Ginin ƙasa ne, kaurin bangon ya fi tsawon hannuna, ga zankwaye a sama kamar kunnuwan zomo. Muna shiga babban falon muka ji sanyi ya ratsa mu, alhali a waje rana na ƙuna. Sama rufin azara ne an jera shi kamar saƙar tabarma, bakan gizo sun tashi daga kowace kusurwa sun haɗu a tsakiya. Kaka ta ce gwiwarta ta gaji, za ta zauna wajen mai gadi. Raina ya yi fari, don na samu fili.

Na gyara hula na shiga zuba bayani, wanda na sani da wanda na ƙirƙira, ina haɗawa da Turanci. Yayan ya ce, "Malam, an ce fa akwai mutanen ɓoye a gidan nan." Na yi dariya, na daki bango da tafin hannu, na ce camfi ne na marasa boko, ni ko kwana aka ce in yi a nan ni kaɗai zan yi.

Ban rufe baki ba, sai wata murya mai kauri ta fito daga cikin bangon da na dafa: "Kai mai farar hula! Sauke hannunka daga jikina."

Har yau ban san yadda na isa ƙofa ba. Na dai tsinci kaina a gindin darbejiya, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, ina karanto addu'ar shiga kasuwa a madadin ta neman tsari. Yarinyar da na sha rantse wa zan tare mata zaki kuwa, na baro ta a ciki.

Can sai na jiyo dariya. Na lallaɓa na leƙa, na ga yayan ya fito da Kaka daga wani ɗan ɗaki a bayan falon, tana share hawaye da bakin mayafi. Ashe ɗakin girki ne, kuma akwai bututu a cikin bango wanda Bature ke kiran abinci ta cikinsa. Ta nan Kaka ta zagaya ta yi mini magana. Mahaifinta ne kukun gidan a wancan zamani, a nan ta yi wasan ƙasa. Na ce, "Haba Kaka, me ya hana ki faɗa mini?" Ta ce, "Yo ka tambaye ni? Ai kai ne malamin."

Na sunkuyar da kai, na ce a raina aure kam ya tafi. Sai yayan ya miƙo mini hulata, yana riƙe da ciki, ya ce, "Malam, da ina tsoron ka fi ƙarfin gidanmu. Yau na ga mutum ne kai kamar kowa. Turo manyanka." Ita kuwa ƙanwar sai da na yi mako ina lallashi kafin ta ɗaga wayata.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Abin da ta koya mini shi ne, cika baki ba ya sayo daraja, kuma kafin ka buɗe baki ka koyar, fara tambayar tsohon da ke tsaye kusa da kai, wataƙila a gidansu kake.