Wa Ya Girmi Wani a Gidanmu

Idan sanyi ya kama a Dutse, ba na komawa barci bayan sallar asuba. Sai in hura 'yar wuta da karan dawa a ƙofar gida, in jingina da bango, in kunna rediyo. Duwatsun bayan unguwarmu da sanyi suke kwana, kuma har hantsi ba sa sakin sa. Ɗan baffana, wanda muke gida ɗaya da shi, yakan fito da bargo a kafaɗa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ya sanyi?" In ce sanyi lokacinsa ne. Sai ya tsuguna ya miƙa wa wuta tafin hannu, mu jira kunun tsamiya daga cikin gida.

Akwai wani ɗan shiri da nake so, inda ake faɗin abin da ya faru a rana irin ta yau. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya sa mini son jin irin waɗannan abubuwa. A ce yau ranar kaza ce ta duniya, yau aka haifi wane a ƙasa kaza. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai mutu ya daɗe, amma a riƙe ranar haihuwarsa daram. Mu ba haka muka taso ba. Da abin da ya faru ake lissafa mu. Wannan shekarar canjin kuɗi aka haife shi, wancan shekarar da motoci suka koma hannun dama, yaran baya kuma a ce kafin a ba mu jiha ko bayan an ba mu. Jikokina ne yanzu ke zuwa da maganar kek ɗin murnar ranar haihuwa, su tambaye ni ranata, in ce musu da sanyi ne.

Ni da ɗan baffana duk da sanyi aka haife mu. Ni ina da laƙabin da ake sa wa wanda ya zo cikin watan azumi, shi kuma yana da na wanda ya zo ranar salla. A Jahun ya tashi wurin dangin mahaifiyarsa, sai da muka yi wayo aka dawo da shi gida, ɗan firit, ko kafaɗata bai kai ba. Tun ranar na yanke hukunci: azumi kafin salla yake, saboda haka na girme shi da 'yan kwanaki. Manya suka yi dariya suka bar mu. Ya kira ni Yaya, sunan ya zauna. Ni ke fara sa hannu a akushi. Da iyayenmu suka ƙare, ni na zama babba, ni ke ba da auren 'ya'yan gida, don a wurinmu uba ba ya yi wa 'yarsa waliyyi, babban gida ke yi. Ban kuma riƙe girman da sauƙi ba. Na sha katse shi a gaban baƙi, in ce ya bari manya su gama.

Sanyin bara, ana shirin ɗaurin auren 'yar ƙaninmu ranar Asabar, muna zaune bakin wuta, sai mai shirin ya ce yau ake tunawa da 'yan mazan jiya. Ya ce a rana irin ta yau aka haifi wani baƙar fata a Amurka da ya yi fafutukar 'yancin 'yan'uwansa. Sannan ya ce a rana irin ta yau ne sojoji suka yi juyin mulki na farko a ƙasar nan, cikin watan azumi.

Na buga cinya. "Ka ji ranata! Innata ta ce a makon nan aka haife ni. Ko suna ba a yi ba labari ya zo."

Ɗan baffana yana ta tura kara cikin wuta. Ya ce, "Ai ni ma tawa innar takan ba da labarin ranar. Ta ce tana daka, ina goye a bayanta, ta ji mata na salati, ta saki taɓarya saura kaɗan ta sauka a ƙafarta."

Ya ci gaba da shan kununsa. Ni kuwa ludayina ya tsaya a hanya. Yaron da aka haifa ranar salla, yaya aka yi yana goye cikin azumin da sallar ba ta zo ba?

"Maimaita," na ce.

"Me zan maimaita, Yaya? Kununka zai huce."

Yini na yi ina juya abin. Na san watanninmu ba sa zama wuri ɗaya, na yi azumi da zafi, na yi da damina. Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne azumi ba shekara ɗaya yake yi cikin sanyi ya fita ba. Yakan jera shekaru a ciki, yana matsowa kaɗan-kaɗan. To sallar wace shekara ce tasa? Ga Asabar na tahowa, kuma idan ba ni ne babba ba, ba ni da hurumin zama gaban liman.

Mutum ɗaya ya rage da ya ga haihuwarmu: gwaggonmu, ƙanwar iyayenmu maza, wadda aure ya kai Taura tun muna ƙanana. Washegari na ce ya raka ni mu kai mata goron biki. Muka shiga motar haya, kowa ya naɗe kunnuwa da rawani. A hanya masu rake sun jera, tumatir ya cika kwanduna.

Mun same ta tana shan hantsi a tsakar gida, ga kaskon wuta a gefe, tana shafa man kaɗanya a dugaduganta. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Ku biyu rigis? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo. Goro muka kawo."

"Goro da wane haƙorin? Ajiye, in ba maƙwabta."

Da gaisuwa ta lafa na ce, "Gwaggo, tambaya gare ni. Ni da wannan, wa ya riga wani zuwa duniya?"

Ta dube ni, ta dube shi. "Yanzu da furfura har a hanci kake tambaya?"

"Rediyo ce ta tayar da maganar."

"Shi mana. Shi ƙarshen sanyi ya zo, mangwaro na fure, ana dawowa daga idi. Ni na ɗora ruwan wankansa. Kai kuwa sai da wani azumin ya zagayo, tsakiyar sanyi, ruwan randa kamar ya yanke yatsa. Ranar sunanka yana rarrafe, har ya kifar da ƙwaryar fura."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa?"

"Wa ya tambaya? Kai ka zo da bakinka ka ce kai ne babba, ga ka ƙato kamar buhun gero, shi kamar tsinke. Muka ɗauka wasan yara ne, zai wuce. Ni kuma aka kawo ni nan." Ta nuna shi da haɓa. "Wannan ma ai ya sani. Munafuki."

Na juya. Yana kallon ƙasa yana murmushi.

"Ka sani?"

"Na yi zato. Inna ta sha faɗar maganar goyon."

"Shi ne ka yi shiru shekara da shekaru?"

"Yaya, wa ake tasa idan saniya ta shiga gonar mutane? Wa ke zuwa biko idan yarinya ta yi yaji? Kai. Ni ina ɗakina da bargona. Me zan yi da girma?"

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, amma can ciki ina tuna lokutan da na ce masa ya bari manya su gama. A mota na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, amma in daina wannan fuskar, mutane za su ɗauka daga ta'aziyya muke. Ya roƙe ni kuma in bar maganar a Taura. Ban dai yi masa alkawari ba.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, inda rana ta fi sauka, kowa na neman gefen da ɗumi yake. Dangin ango suka zo daga Kiyawa. Liman ya gyara zama ya ce, "Ina waliyyi?" Idanu suka juyo kaina kamar kullum. Na tashi, na kama hannun ɗan baffana, na ja shi gaba. Yana turjewa yana raɗa mini, "Kai, kai, na roƙe ka fa."

Na ce, "Ga babbanmu nan, Malam. Yayana ne."

Kalmar ta yi mini nauyi a baki, kamar na sa takalmin wani. Aka yi 'yar hayaniya, na faɗa musu abin da Gwaggo ta ce a taƙaice. Wani tsoho ya ce shi dama ya daɗe yana ganin wancan ya fi hankali. Aka yi dariya, liman ya ce a yi salati. Ɗan baffana ya zauna, ya ba da auren.

Washegari na riga shi fitowa kamar kullum, na hura wuta. Da ya fito da bargonsa, na yi sauri na ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ya sanyi?"

Ya tsaya ya harare ni. "Tun da haka ka zaɓa, miƙo rediyon. Kuma wutar nan hayaƙi take yi, gyara ta."

Na miƙa masa, na durƙusa ina hura wuta.