Rakiyar 'Yan Dosara

Murfin tukunya ne ya zame daga hannuna ya faɗi a kan siminti, ƙwal! Ƙara ce da ake ji a kowane madafi kullum, amma ta wannan ranar ba za ta fita daga kaina ba. Da na juya, 'yata Sa'adatu da ke tankaɗe a gefena ba ta wurin, sai rariya a ƙasa da gari warwatse. A ƙarƙashin gado na same ta, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, yarinya 'yar shekara sha biyar.

Ƙannena na Islamiyya, ku da kuke sababbin shiga wannan aiki namu na riƙon gida, kun sha tambayata me ya sa aka ce mun tafi Umara a dogon hutun bara waccan, kuma aka gan ni a rijiya a makon. Ga yadda abin ya kasance. Aikinmu ba shi da albashi balle ritaya, amma yana da manya da ƙanana kamar kowace ma'aikata. Ni a sama da ni akwai maigidana Alhaji Garba, mai fataucin shanu a kasuwar nan ta Mafara, a samansa kuma akwai mahaifiyarsa, Inna Tsohuwa, wadda ke zaune a Dosara.

Shekara guda kafin faɗuwar murfin nan, Sa'adatu ta raka gwaggonta biki Maradun. A hanyar dawowa wasu mutane a kan babura, fuskokinsu a rufe, suka tare motar hayar da suke ciki. Allah Ya kuɓutar da ita da gwaggon, amma an tafi da mutum biyu a gaban idonta. Tun daga ranar ba ta sake shiga mota ba. Ko a tsaye take, a kashe, ba ta raɓarta. Makaranta da ƙafa take zuwa. Ɗan acaɓa ya wuce ta ƙofar gida ba ta damuwa, keken Napep ma tana hawa tun da gefensa a buɗe yake, don haka muka ɗauka motar ce kawai ciwon. An yi rubutun sha, an kai ta asibiti, likita ya ce a yi haƙuri, a sauya mata wuri idan da hali.

Da Alhaji ya dawo daga kasuwa a ranar, bayan ya ci abinci na faɗa masa inda na samo ta.

"Bana shanu sun yi albarka," in ji shi. "In an yi dogon hutu mu tahi Umara, ni da ke da yaran ga biyu. Ta ga Ɗakin Allah, ta sha Zamzam."

Na ce, "Alhaji, da wace mota?"

Ya ce, "Wanga aikinki ne. Ke kika yi boko."

Haka aka miƙa mini aikin shirya tafiya ƙasar waje wadda ba za a shiga mota ba ko sau ɗaya, ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba.

Ga wadda ba ta sani ba, tafiya irin wannan tana da matakai. Akwai fasfo, wanda sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A nan Allah Ya taimake mu, yaran suna da nasu tun kafin abin ya faru. Akwai allurar rigakafi, akwai biza da tikiti, waɗannan ejan ne ke yi, wato dillalin tafiye-tafiye. Ejan kuwa ya saba sayar da tafiya a dunƙule: jirgi, masauki, da motar da za ta kwashe ku daga nan zuwa can. Da na ce masa a waya mu a cire mana motar, sai ya ce, "Hajiya, kowa neman a ƙara masa mota yake, ke kuma a cire?" Ban gaya masa dalili ba. Ciwon ɗiya ba abin bazawa ba ne.

Wanda ya riƙe ni shi ne ƙanen Alhaji, Bello, da ke karatu a Madina. Na dame shi da tambaya har ya riƙa ɗaga waya da cewa, "Matar yaya, yau kuma wane titi za mu auna?" Shi ya gaya mini akwai jirgin ƙasa tun daga filin jirgin Jidda zuwa Makka, daga Makka zuwa Madina. Na tambaye shi daga tashar jirgin ƙasan zuwa masauki fa? Ya ce da 'yar tafiya, ga zafi kamar bakin murhu a wannan lokaci. Na ce to a nema mana jirgin da zai sauke mu da yamma. Na sa ya taka hanyar da ƙafarsa ya ɗauko mana hotuna, ya nemo masauki kusa da Harami, ya yi alkawarin zuwa ya taya mu jan kaya.

Kowane mutum jaka ɗaya mai taya, haka na yanke. Yayan Sa'adatu, Aminu, mai shekara sha bakwai, ya tayar da rigima a kan takalmansa na ƙwallo.

"Inna, mutane na zuwa Saudiyya su shiga manyan motoci su yi hoto, mu za mu tahi yawon ƙafa kamar masu bin shanu."

"Ai ɗan mai shanu kake," in ji Sa'adatu.

Na daɗe ban ji ta mayar wa wani magana ba. Na juya baya kamar ina gyara wuta, don kada su ga idona.

Bayan la'asar muka riƙa fita gwaji mu uku, muna jan jakunkunan da na cika da tsummoki, daga gida zuwa bayan makaranta mu dawo. Maƙwabta suka yi ta dariya. Sa'adatu ta haddace addu'o'in ɗawafi kafin kowa, har tana gyara wa babanta. Ta fara cin abinci sosai. Ta ɗinka wa kanta farin hijabi.

Abin da ya rage shi ne hanyar Sakkwato, inda za mu hau jirgin farko. Na je gidan maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma mai keken Napep, muka gaisa, na tambayi iyali da aiki da damina, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya, keken ga bai taɓa wuce Bakura ba. Amma don Sa'a, ko turawa ne sai mu tura."

Aka shirya Alhaji da Aminu su bi motar haya da kaya, ni da ita mu tashi a keke tun da hantsi, kwana guda kafin jirgi, mu kwana gidan 'yar'uwata.

Abu ɗaya na roƙi Alhaji, a yi tafiyar nan a natse, kada a tara jama'a. Ya amince. Sai dai ba a nufar Ɗakin Allah ba a yi sallama da iyaye an nemi gafara ba, wannan kowa ya sani, ni ma ba zan so a tsallake shi ba. Ya je Dosara ya durƙusa gaban Inna Tsohuwa, ya kuma gaya mata kada a yi taro. Ta sa albarka, ta ce to. Amma tsohuwa ce da jikokinta biyu za su taka inda ita ba ta taɓa takawa ba. A ganinta a bar su su fita gida kamar marasa dangi abin kunya ne. Ita taro a wurinta shi ne kiɗa da dafa abinci. Rakiya kuwa ai hakki ne.

Ranar tafiya an yi yayyafi da safe. Keke na ƙofar gida, Malam Ɗanjuma ya wanke shi har da shimfiɗa darduma a kujera. Sa'adatu ta riga ni shiga, da farin hijabinta, ta rungume jakar hannu. Na koma ciki ɗauko ruwan sha.

Daga tsakar gida na ji su. Babura ne da yawa, sun karyo kwanar layinmu a tare, suna ta oda. Samarin gidan su Alhaji ne, 'ya'yan yayyensa da na ƙannensa, bibbiyu uku-uku a kan babur, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda yayyafi da taɓon hanya. Sani, babban jikan Inna Tsohuwa, yana gaba yana ɗaga hannu yana kiran, "Ina Hajiya Sa'a? Ina Hajiya ƙarama?"

A zaure muka yi karo da Sa'adatu, ta shigo a guje. Ba ta gan ni ba. Takalminta ɗaya a cikin keke ya tsaya.

Na bi ta ɗaki, ta shige ƙarƙashin gado, na kwanta a ƙasa, kuncina a siminti, ina kiran sunanta. Na ce su Yaya Sani ne, ga kaji ma sun kawo. Ta ƙara toshe kunnuwa. A waje na ji an kashe baburan ɗaya bayan ɗaya, unguwa ta yi tsit. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Da ta fito, ko zaure ba ta yarda ta leƙa ba. Malam Ɗanjuma ya jira har magariba, ya ce gobe da sassafe ma yana nan. Goben ya zo ya tsaya, ya koma.

Alhaji ya kira ni gefe. Bai iya kallona ba.

"Ko mu hasa duka?"

Na ce, "Ku tahi kai da Aminu. Ku yi mata addu'a a inda ake karɓa."

"To ke ki tahi, ni in zauna."

"In ta firgita, kai za ka shiga ƙarƙashin gado?"

Aminu, mai rigimar takalmi, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce shi ma ya fasa. Sai da na yi masa tsawa ya ɗauki jaka.

Su Sani kuwa, an ce da ƙasa suka tura baburansu har bakin titi kafin su tayar. Inna Tsohuwa ta aiko sau biyu tana neman gafarata, matar da ta haifi mijina. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, don babu wanda ya zo da mugunta a cikinsu. Yaran nan sun bar noma a tsakiyar damina, sun biyo hanyar da kowa ke tsoro, don kawai ƙanwarsu ta san tana da mutane.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kukan kaina ma. Tun ina yarinya nake son in ga Ka'aba da idona, ga biza a hannu, ga jaka a ɗaure. Har yau idan na ga hoton tashar jirgin ƙasan nan a wayata sai in yi saurin wucewa. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, titi da tasha da zafin rana duk ana iya tambaya a auna, amma son da dangi ke maka ba ya zuwa a yadda ka tsara, kuma yaro mai ciwo ba lallai ya san sunan abin da yake tsoro ba, balle ya faɗa maka. Ku riƙa sauraro, ku kuma yi wa tsofaffinku bayani dalla-dalla, ko da abin da za ku faɗa mai nauyi ne.

Mako guda bayan tafiyar su Alhaji, muna tsince shinkafa a tsakar gida, Sa'adatu ta tambaye ni ko su Yaya Sani sun yi fushi. Na ce ba su yi ba, kunya ce ta hana su zuwa. Ta ci gaba da tsinta kanta a ƙasa, can ta ce:

"Inna, ki aika su dawo mu gaisa. Amma su zo da ƙasa, ɗaya-ɗaya, in ga huskar kowa."